Fashin Baƙi: Me ke cikin situdiyon mai tsara kiɗan wasannin bidiyo?

Tun da masu bayar da kyautar Grammy a Amurka suka ware wa kiɗan wasannin bidiyo rukuni na kansa a shekarar 2023, wanda Stephanie Economou ta fara ɗauka da kiɗan Assassin's Creed Valhalla: Dawn of Ragnarök, ido ya ƙara komawa kan masu wannan sana'a. Yanzu duk wanda ya ɗan yi suna a cikinsu sai ka ga an bi shi da kyamara har ɗakin aikinsa: allunan kwamfuta uku ko huɗu, kibod mai tsawon tebur, akwatuna masu ƙyalƙyalin fitilu, wayoyi kamar saƙar gizo-gizo. Daga nan sai musu ya kaure. Wasu su ce ai kayan ne ke yin kiɗan, wanda ba shi da su ya haƙura. Wasu su ce duk ado ne, laftof ɗaya ta isa. To a cikin tarin kayan nan wanne ne ke aiki, wanne ne kwalliya? Kuma me ya raba ɗakin mai kiɗan gem da na mai kiɗan fim ko waƙa?

Kiɗan da ke bin rawa

An ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A wasan bidiyo maganar juyawa take yi: mai rawa ne ke gaba, makaɗi na biye da ƙafarsa. Mai kiɗan fim yana da hoton da aka riga aka yanke a gabansa, ya san a minti na goma sha biyu za a buɗe ƙofa, sai ya ajiye bugun gangarsa daidai wurin. Mai kiɗan gem bai san lokacin da za a buɗe ƙofar ba. Wani ɗan wasan zai ratsa kogo cikin daƙiƙa arba'in, wani ya yi minti arba'in yana leƙe-leƙe a ciki, wani kuma ya koma baya ya fasa shiga. Dole kiɗan ya dace da su duka ukun, kuma kada ya gundure wanda ya daɗe.

Saboda haka abin da yake miƙa wa kamfani ba ya zuwa a matsayin waƙa guda mai fari da ƙarshe. Gunduwa-gunduwa ne, kowace da sharaɗin lokacin da za ta shigo da yadda za ta fita. Duk kayan da ke ɗakinsa, idan ka lura, wannan buƙatar suke yi wa hidima.

Lokacin da murya biyar ce iyaka

Na'urar Famicom da Nintendo ta fitar a Japan a 1983, wadda aka fi sani da NES a sauran ƙasashe, murya biyar kacal take iya fitarwa lokaci guda: uku na karin sauti, ɗaya ta shuuu da ake kwaikwayon ganga da ita, ɗaya kuma ta ɗan guntun sautin da aka naɗa. Da waɗannan Koji Kondo ya yi kiɗan Super Mario Bros. na 1985. Ƙarar tsalle da ta ɗaukar kuɗi ma daga cikin muryoyin nan suke ara, don haka wani lokaci kiɗan kan rasa murya ɗaya na ɗan lokaci idan ɗan wasa ya yi motsi. Kwamfutar Commodore 64 ta 1982 murya uku gare ta. Super Nintendo ta 1990 ta kai takwas, amma duk ma'ajiyar sautinta kilobait 64 ce, wato ba ta kai girman ƙaramin hoto ɗaya na wayar yau ba. A wancan zamani makaɗi rabinsa mai rubuta umarnin kwamfuta ne, yana shigar da kiɗa da lambobi. Yuzo Koshiro, wanda ya yi kiɗan Streets of Rage na 1991, har harshen rubuta kiɗa ya ƙirƙira wa kansa.

Faifan CD ne ya buɗe ƙofa, musamman bayan fitowar PlayStation a 1994, domin an samu wurin zuba kiɗan da aka naɗa kai tsaye. Amma iyaka ba ta gushe ba, wuri ta sauya. Minti ɗaya na sauti mai kunne biyu, a ingancin da ake aiki da shi a situdiyo, yana cin megabait 17 da 'yan kai, awa ɗaya ta haura gigabait guda. Gem kuwa tana da hotuna, muryoyin 'yan wasa da dubban ƙararraki, kowa na neman rabonsa. Har gobe ana yanka wa sashen sauti kasonsa na ma'ajiya da ƙarfin na'ura, kuma ana matse fayilolin da tsare-tsare irin su Vorbis da Opus kafin su shiga.

Kwamfuta da manhajar da ake kira DAW

Zuciyar ɗakin ita ce kwamfuta, da manhajar naɗa sauti da jera shi, wadda masu sana'ar ke kira DAW. Tebur ne na aiki: layuka a jere, kowane da abin kiɗansa, lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama. Cubase na kamfanin Steinberg, wanda ya fara fitowa a 1989 a kwamfutar Atari ST, ya yi ƙarfi wajen masu rubuta wa babbar ƙungiyar makaɗa. Logic Pro na Apple ne, a Mac da iPad kawai yake aiki. Pro Tools shi ne aka fi samu a manyan ɗakunan naɗa sauti. Ableton Live da FL Studio sun fi jan masu kiɗan lantarki. Reaper kuma ya samu karɓuwa sosai a wajen ma'aikatan sautin gem, saboda yana iya fitar da ɗaruruwan fayiloli a tashi ɗaya, kowane da sunansa daidai, kuma ana iya rubuta masa ƙananan umarni ya riƙa yin aikin maimaici da kansa.

Musun wanne ya fi daɗin sauti, a ganina, ɓata lokaci ne. Bambancinsu yana wajen saurin aiki da abin da hannu ya saba da shi.

Kibod ɗin nan mai tsawon tebur, galibi ba ya fitar da sauti ko ɗaya. Saƙo yake aikawa ta yaren MIDI, wanda masu ƙera kayan kiɗa suka amince da shi a 1983 bisa jagorancin Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland. Saƙon ɗan taƙaitacce ne: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza a ma'aunin da ya tsaya a 127, an sake shi a lokaci kaza. Amfanin wannan ga mai kiɗan gem ba ƙarami ba ne. Idan aka ce masa fagen ya yi tsawo, ko a rage gudun kiɗan, ko a mayar da abin da fiyano ya kaɗa zuwa sarewa, ba sai ya sake naɗar komai ba. Umarnin zai gyara.

Makaɗa ɗari a cikin akwati

To wa ke amsa umarnin? Iri biyu ne. Akwai sintasaiza, wadda ke ƙirƙirar sauti daga lantarki ko lissafi. Akwai kuma taskar samfur, kuma nan ne mafi yawan dukiyar mai tsara kiɗa ke kwance, ko da yake kyamara ba ta ganinta.

Ga yadda ake yin ta. Kamfani irin Spitfire Audio na Landan, ko Orchestral Tools na Balin, ko Vienna Symphonic Library, zai ɗauki hayar babban zaure da ƙwararrun makaɗa, a sa su kaɗa kowane amo ɗaya bayan ɗaya. A kaɗa shi a hankali, a kaɗa da matsakaicin ƙarfi, a kaɗa da ƙarfi sosai. A ja shi dogo, a datse shi gajere, a kaɗa tsirkiya da yatsa. Har zamewar da goge ke yi daga wannan amo zuwa wancan ana naɗa ta daban, domin ita ce ke sa kunne ya yarda hannun mutum ne. Gajeren amo kuma ana naɗa shi sau da yawa, manhaja ta riƙa juya su bi da bi, saboda idan samfur ɗaya ya maimaitu sau takwas a jere sai ya koma kamar ƙarar bindiga mai sarrafa kanta. Duk wannan ana ɗaukarsa da makirfo na kusa, na tsakiyar zaure da na can nesa. Ka ninka waɗannan da juna, ka ga dalilin da ya sa taska ɗaya ke cin gigabait masu yawa. Manhajar Kontakt ta Native Instruments ita ce aka fi kunna irin waɗannan taskoki da ita, kuma tana shiga cikin DAW ta ƙofa irin ta VST, tsarin da Steinberg ya fito da shi a 1996.

Wannan shi ya sa kwamfutar mai tsara kiɗa ke da yunwar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri, fiye da komai. Farkon kowane samfur sai an ɗora shi a RAM domin ya fito nan take idan an taɓa maɓalli, ragowar kuma a riƙa jawo shi daga SSD, wato ma'ajiyar da ake adana fayiloli a ciki. Da yawansu suna da shimfiɗa ta dindindin mai ɗaruruwan layuka, kowane abin kiɗa a zaune yana jira. Wasu har kwamfuta ta biyu suke ajiyewa, aikinta kawai riƙe samfura, a haɗa ta da ta farko ta manhajar Vienna Ensemble Pro.

Sai dai mallakar taska daban, sa ta numfashi daban. Wanda ya danna amo ya bar shi tsaye, goge mafi tsada zai yi masa kuka kamar ƙaho. Gwani yana kaɗawa da hannun dama, hagunsa na kan ɗan gargaren da ke gefen kibod, yana ɗaga ƙarfi yana saukewa kamar yadda mai busa ke sarrafa iskar ƙirjinsa. Awanni ake kashewa a kan wannan, kuma shi ne abin da ba a saye.

Lasifika, ɗaki da kunne

Tsakanin kwamfuta da duniyar waje akwai ɗan akwatin da ke mayar da sauti lambobi, ya kuma mayar da lambobi sauti. A jikinsa ake jona makirfo, jita da lasifika. Babban abin da ake nema a wajensa shi ne rashin jinkiri. Idan aka saita shi ya riƙa tara ɗigon sauti 128 kafin ya saki, a gudun 48,000 cikin daƙiƙa, jinkirin bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba, hannu ba zai ji ba. Idan aka kai shi 1024, kwamfuta za ta huta, amma jinkirin ya haura kashi ashirin cikin dubu, mai kaɗawa zai fara jin sauti na biyo yatsarsa a baya.

Lasifikar situdiyo kuma gaskiya ake so ta faɗa, ko da ba daɗi. Shi ya sa Yamaha NS-10, wadda ta fito a 1978 kuma ba a taɓa yabonta da zaƙin murya ba, ta zauna a manyan ɗakuna shekara da shekaru: duk aibin da ke cikin miksin, wato haɗin sautukan, sai ta tona shi.

Abin da masu kallon hotunan situdiyo suka fi tsallakewa shi ne ɗakin kansa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka amo mai kauri na haz 50, wato mai kaɗawa sau hamsin a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kusa mita bakwai, ya fi yawancin ɗakuna. Zai bugi bango ya dawo ya haɗu da kansa, a wani gurbi ya ninku, a wani ya ɓace. Mutum na zaune a gurbin da ya ɓace sai ya yi ta ƙara kauri, ranar da aka kunna kiɗan a wani wuri ya fito kamar tsawa. Allunan nan masu kauri da ake kafawa a bango da kusurwoyi maganin wannan ne. Siririn soso ba ya taɓa amo mai kauri ko kaɗan, sirara kawai yake sha. Da za a ba ni zaɓi tsakanin lasifika ta alfarma a ɗakin da ba a gyara ba, da matsakaiciya a ɗakin da aka gyara, ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Wanda kuma ba shi da halin gyaran ɗaki, hedifon mai kyau da ya san halinsa ya fi masa.

Manhajar tsakani, inda sana'ar ta bambanta

Duk abin da aka lissafa zuwa nan, mai kiɗan fim ma yana da shi. Wanda ba shi da shi shi ne manhajar da ke tsayawa tsakanin kiɗa da injin gem, wato manhajar da ake gina wasan a kanta irin Unity ko Unreal. Biyu ne suka fi shahara: FMOD na kamfanin Firelight Technologies da ke Melbon a Ostareliya, da Wwise na Audiokinetic da ke Mantiriyal a Kanada, wanda ya fito a 2006, Sony kuma ta saye kamfanin a 2019.

Aikinta kamar na ɗan aike ne mai hankali. Gem na turo mata labari: abokan gaba sun kai biyar, jinin jarumi ya ragu, an shiga ruwa, dare ya yi. Ita kuma ta duba dokokin da mai kiɗa ya gindaya ta aiwatar. Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce hawa-hawa: a rubuta kiɗa ɗaya mai bene uku ko huɗu, duka suna tafiya tare, amma na ƙasa kaɗai ake ji lokacin da ake yawo lafiya. Haɗari na matsowa sai a ɗago ganguna, faɗa na kaurewa a ɗago ƙahoni. Tsohon misali mai sauƙi yana cikin Super Mario World na 1990, inda hawa bayan Yoshi ke ƙara 'yan ganguna a kan kiɗan da ke tafiya, sauka kuma ta ɗauke su. Ta biyu ita ce tsallake: kiɗa ya bar wannan gunduwa ya koma waccan. Wuyarta ita ce kada a ji ɗinkin. Don haka ake gaya wa manhaja ta jira ƙarshen bugu ko ƙarshen jimla kafin ta tsallaka, wani lokaci ta bi ta wata 'yar gada da aka rubuta musamman. Michael Land da Peter McConnell sun yi wannan tun 1991 da tsarinsu na iMUSE a Monkey Island 2, inda kiɗan gari ke rikiɗa a hankali duk ɗakin da aka shiga.

Wannan yana komawa ya shafi yadda ake rubutun tun daga tushe. Dole kowane bene ya yi daɗi shi kaɗai, ya kuma yi daɗi da 'yan'uwansa. Dole gunduwoyin da za su iya haɗuwa su yi jituwa a gudu da karin sauti. Kiɗan da zai zagayo kuma sai an kula da wutsiyarsa, wato amsa-kuwwar amon ƙarshe, a naɗo ta kan farkon zagaye na gaba, in ba haka ba kunne zai ji an datse. Ko a ranar da aka tara makaɗa na gaske a ɗakunan naɗa sauti na Abbey Road ko AIR a Landan, sau da yawa ba a naɗarsu gaba ɗaya: masu goge daban, masu ƙaho daban, masu ganga daban, domin a iya ɗaga wannan a kwantar da wancan a cikin gem.

A manyan kamfanoni akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, mai kiɗa ya miƙa musu gunduwoyi. A ƙananan ayyuka shi ne wuƙa shi ne nama.

To kaya ne ko gwaninta?

Masu cewa laftof ta isa suna da hujja. Toby Fox ya yi kiɗan Undertale na 2015 da FL Studio, da sautuka da yawa na kyauta. Darren Korb ya naɗi muryoyin Bastion na 2011 a cikin kabad ɗin gidansa. Kiɗan nan biyu sun zaga duniya.

Masu cewa kaya na da tasiri su ma ba su yi ƙarya ba. Sautin Doom na 2016 ya samu ne saboda Mick Gordon ya riƙa tura tsabtataccen amo ta cikin jerin na'urorin ƙarfe suna dagula shi, har ya fito da wani abu da ba a saba ji ba. Kuma wanda aka ba wa kwangilar kiɗan awanni, da wa'adin da ba ya ɗaga ƙafa, kwamfutar da ke sandarewa asarar yini ce gare shi. Abin da kayan alfarma ke saya wa ƙwararre shi ne sauri da kwanciyar hankali. Inda nake ganin an fi cutar masu tasowa shi ne a nuna musu ɗakin wanda ya shekara ashirin yana tarawa, a bar su da zaton daga nan ya fara.

Ƙirƙirarriyar basira da sauran abin da ke tafe

Manhajojin da ke haɗa waƙa daga 'yan kalmomi sun ƙara wa musun zafi. A Yunin 2024 manyan kamfanonin faifai na Amurka suka maka Suno da Udio a kotu, bisa zargin sun horar da injinansu da waƙoƙin mutane ba izini. Wata guda bayan haka 'yan wasan murya da motsi na ƙungiyar SAG-AFTRA suka shiga yajin aiki a kan kamfanonin gem, kuma kariya daga ƙirƙirarriyar basira ce kan gaba a buƙatunsu. Masu goyon baya na cewa ƙaramin mai haɗa gem da ba shi da halin ɗaukar makaɗi zai samu mafita. Masu adawa na cewa ƙananan ayyukan nan su ne makarantar da kowane gwani ya bi, idan suka ƙafe daga ina manyan gobe za su fito? Ni wannan tambayar ta fi damuna fiye da batun ko injin ya iya kiɗa. Akwai kuma matsalar mallaka: kamfanin da zai zuba dukiya a gem yana son tabbacin cewa kiɗan nasa ne, ba wanda zai taso masa daga baya.

Wata barazanar ba ta da hayaniya. Manhaja lasisi ake saya, kuma mai ita na iya rufe ta. A Agustan 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar da daina Finale, manhajar rubuta kiɗa a takarda da aka shafe sama da shekara talatin ana aiki da ita, masu tarin ayyuka a cikinta suka shiga neman hanyar kwashe su zuwa Dorico ko Sibelius. Shi ya sa masu lura ke fitar da kowane layi na aikinsu a fayil ɗin sauti na WAV su adana, domin gem kan dawo bayan shekara goma a ce a sabunta ta, a tarar rabin manhajojin da aka yi kiɗan da su ba sa buɗewa.

Ga ɗan wasa, duk wannan yana isa kunnensa ta lasifikar talabijin, ko hedifon, ko 'yar ƙaramar lasifikar waya da ba ta san amo mai kauri ba, kuma kiɗan na kokawar wuri da harbi, takun ƙafa da magana. Don haka gwajin ƙarshe a cikin gem ɗin ake yin sa, da abin wasa a hannu. Ga mai son koyo kuma, FMOD da Wwise duka ana sauke su kyauta don koyo da ƙananan ayyuka, Reaper ma yana ba da kwana 60 na gwaji. Ya rubuta kiɗan minti ɗaya mai bene uku, ya ɗora shi a FMOD, ya ɗaure benayen da ma'auni ɗaya mai suna haɗari, sannan ya riƙa jan ma'aunin sama da ƙasa yana saurare ko zai ji inda ɗinkin yake.